Ranar da Ngo Ana Ta Ɓata Gahawa

Malam Shu'aibu tela, maigidana, ya rasu a tsakiyar daminar shekarar da aka ba jiharmu suna Filato. Allah ya jiƙansa. Na shiga takaba a lokacin da ruwa ke kwana yana zuba a Jos, bango ya jiƙe, ashana ta ƙi kamawa, sanyi ya shiga har cikin ƙashi.

Kwana uku da rasuwar na fito da asuba zan yi alwala, sai na ga buta a kan 'yar katangar da ta raba gidanmu da na maƙwabciyata, an lulluɓe ta da tsumma. Na taɓa, na ji ɗumi. Ban ga kowa ba, ban ji motsin kowa ba. Washegari ma haka. Wata huɗu da kwana goma butar nan ba ta yi fashi ba, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne awon ruwan. Ina gama wanke ƙafar hagu yake ƙarewa, bai taɓa gazawa ba, bai taɓa raguwa ba. Mai ajiye butar kuwa 'yar Katolika ce, ba ta taɓa yin alwala ba a rayuwarta. Da na fita takaba na je godiya, na tambaye ta yadda aka yi ta san awon.

Ta ce, "Hasiya, shekara goma sha ɗaya ina jin zubar ruwanki ta bayan katanga. In ban san awonsa ba ai kunnuwan nan na ado ne."

Ita ce Ngo Ana. Ngo kalmar girmamawa ce ta mutanen Birom, kamar yadda za mu ce Inna, kuma a Tudun Wada babu mai kiranta da wani suna, musulmi da kirista. Gajeriya ce, mai faɗin kafaɗa, wuyanta a miƙe kamar har yanzu akwai kaya a kanta. Da ma akwai dalili. Tun tana yarinya take ɗaukar kwanon ƙasa a ramin kuza wajen Bukuru, daga ƙasan rami zuwa bakinsa, tun safe har rana ta karkata. A can ta koyi awo. Ta ce da an ɗora mata kwano take sanin ko an cika shi ko an yi mata sauƙi, ba sai ta duba ba.

Wata rana matar wani injiniya, mutumin Italiya, ta zo kawo wa mijinta abinci, ta ga yarinya tana raba ƙosai tsakanin abokan aikinta bakwai ba tare da kowa ya yi ƙorafi ba. Ta ce a ba ta ita. Haka Ana ta bar rami ta shiga kicin, ta yi shekara ashirin da biyu a gidan Madam. A nan ta yi aure, ta haifi ɗanta guda, Dantong, a nan kuma mijinta ya rasu. Ba ta iya karatu ba, amma ta iya biredi, ta iya taliyar da ake murzawa da hannu, ta kuma iya gahawa. Da Turawan kuza suka fara tattara nasu ya nasu, Madam ta tafi ta bar mata abu ɗaya da ta roƙa, wato 'yar butar gahawar da suka yi shekarun nan suna amfani da ita.

Ni butar ba ta yi mini kama da buta ba da na fara ganinta. Ta dalma ce ko wani ƙarfe mai kama da ita, tana da ƙugu a tsakiya kamar kalangu, kuma a ƙugun ake murɗe ta ta rabu biyu. A gindin ake zuba ruwa, har zuwa ƙasan wata 'yar ƙusa da ke gefe. Sai a saka wani mazurari, a cika shi da garin gahawa, a shafe bakinsa da yatsa ba tare da an danna ba. A murɗe, a ɗora a kan risho da 'yar wuta kaɗan. Can sai ruwan ya hau da kansa, ya ratsa garin, ya fito a sama baƙi wuluk. Na sha ganin ruwa yana gangara, amma ban taɓa ganin ya hau ba sai a kicin ɗin Ngo. Ranar farko har tasbihi na yi. Tata ta finjali uku ce, wato ƙananan kofunan nan da ba su fi kurɓi uku ba. 'Ya'yan gahawar wani direba ke kawo mata daga Mambila, ta soya su a kasko, ta daka a ƙaramin turmi. Kullum bayan na idar da sallar asuba ƙamshin ke tsallako katanga ya same ni a kan darduma. Ba ta tsayawa a kan butar. Tana iya kasancewa tana shara a tsakar gida, sai ka ga ta jingine tsintsiya ta shiga, daidai lokacin da butar za ta fara gurnani.

A shekarun nan an yi wa ma'aikatan gwamnati ƙarin albashi, kantunan cikin gari suka cika da kayan Turawa, har da irin butar nan, daga ta finjali ɗaya har ta goma sha biyu. Matan ma'aikata suka riƙa zuwa wajen Ngo neman shawarar wadda za su saya. Ba ta taɓa ba da amsa kai tsaye ba. Sai ta tambayi mace wa ke fara tashi a gidan, wa ke zama ya karya, wa ke fita da biredi a hannu. Har takan tambayi kujera nawa ake ja da safe. Sai ta gama jin wannan sannan ta faɗi girman buta, kuma kusan kullum ƙarama take faɗa. Da yawa ba sa jin daɗi, don mu nan babbar tukunya muke saye. In baƙo ya zo a cika ta, in bai zo ba a dafa kaɗan a gindinta. Wanda ya sayi ƙaramar tukunya sai a ce marowaci ne.

Mutum ɗaya ne bai nemi shawararta ba, shi ne ɗanta. Dantong ya samu aiki a sakatariyar sabuwar jiha, aka ba shi gida a Daɗin Kowa, ya auri Immaculata, malamar firamare, 'yar mutanen Shendam. Yaro ne mai kirki, ba ya wuce ni bai durƙusa ba, sai dai yana son a san ya isa. Ya shiga kanti ya sayi ta finjali goma sha biyu, mafi girma a kan kanta, ya ɗora ta a falo inda kowa zai gani.

Duk wannan ban san shi ba sai wata Juma'a da yamma, shekara biyu bayan rasuwar Malam. Ina gidan Ngo ina taya ta tsince acca, sai ga Immaculata ta shigo da kayan makaranta a jikinta. Ta durƙusa ta gaishe mu, ta ƙi hawa kujera.

Ta ce, "Mama, na zo sallama ne. Jibi in an fito coci zan tafi Shendam. Na riga na haɗa akwati."

Ngo ba ta ɗago daga faifan ba. Ta ce, "Hutun makaranta ya zo ne?"

"Bai zo ba, Mama."

Da ƙyar maganar ta fito. Wata biyar ke nan kullum sai an yi faɗa a kan gahawa. Dantong zai ce a dafa masa finjali biyu ko uku, kada a yi ɓarnar gari. Ita kuma sai ta zuba ruwa kaɗan da gari kaɗan a babbar butar, abin ya fito tsararo, ga ɗaci, ga ƙauri. Ta sauya gari, ta sauya wuta, ta wanke butar da toka, duk a banza. Ranar Asabar da ta wuce ya kawo ogansa na ofis, Mista Badung, wanda ya yi karatu a ƙasar waje ya san gahawa. Mutumin ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye. Nan a gabansa Dantong ya ce uwarsa da ba ta taɓa riƙe alli ba ta ciyar da Turawa shekara ashirin, amma ga mai satifiket ko ruwa ba ta iya dafawa ba.

Ta ce, "Mama, ba gahawar ba ce. A gaban baƙo ya faɗa. Kuma gobe ya sake gayyato ogan, ya ce zai aiko a ɗauke ki ki zo ki nuna mini yadda ake yi. In tsaya ina kallo kamar 'yar aji ɗaya. Zan tsaya, don girmanki. Amma daga nan na gama."

Ngo ta ajiye faifan. Sannan ta yi tambaya ɗaya, ta ce butar ta finjali nawa ce. Da ta ji amsa sai ta ce, "To. Je ki gida, 'yata. Allah ya kai mu goben."

Bayan ta fita Ngo ta dube ni ta ce gwiwarta na damunta, ko zan raka ta. Na ce zan raka ta.

Washegari bayan azahar muka shiga tasi zuwa Daɗin Kowa. Ngo na rungume da kwando a cinya, an rufe shi da tawul. Gida ne mai kyau, da labule har ƙasa, da rediyo mai faifai. Ƙofar ɗakin kwana a buɗe take kaɗan, na hango akwati a tsaye a bayanta, an ɗaure shi da igiya. Mista Badung na zaune a babbar kujera, mutum mai fara'a da furfura a gefen kai. Dantong sai kaiwa da komowa yake.

Ya ce, "Oga, yau za ka sha gahawa. Wannan tsohuwar da kake gani, Turawa kuka suka yi da za su rabu da ita."

Ngo ta ce, "Kukan rabuwa da kuza suka yi. Finjali nawa ranka ya daɗe yake so?"

"Uku, Mama. Ni da oga da ke."

"Uku. To, an ji."

Kicin ɗin a jikin falo yake, ana ganin komai. Na zauna a kan tabarma kusa da ƙofa. Immaculata na tsaye a jikin bango, ta harɗe hannu, idonta a ƙasa. Ngo ta murɗe babbar butar, ta ce wa surukarta ta nuna mata iya inda take tsayar da ruwa. Ta nuna da yatsa, can ƙasa, nesa da 'yar ƙusar. Ngo ta ɗauki moɗa ta fara zubawa.

Ni na san inda ruwan ya kamata ya kai, don na ga hannun nan yana wannan aiki sau ba adadi. Da ruwan ya kai inda yarinyar ta nuna, sai na ga hannun ya yi ɗan jinkiri, moɗar na karkace, kamar hannun da kansa yake son ya ci gaba. Leɓenta ya motsa. Sai ta miƙar da moɗar ta ajiye. Ta zuba gari cokali uku a mazurarin da ke cin fiye da goma, garin ya kwanta a gindinsa kamar an manta da shi. Ta murɗe, ta ɗora a wuta. Na kusa yin magana, sai ta waiwayo ta dube ni sau ɗaya, na haɗiye.

Butar ba ta yi gurnanin da na sani ba. Tari ta riƙa yi tana tofi. Ngo ta sauke, ta zuba a finjali uku, ta jera a faranti, ta kai falo da kanta. Dantong ya gyara zama yana murmushi. Mista Badung ya kurɓa. Na ga maƙogwaronsa ya yi aiki kafin abin ya wuce, amma mutumin kirki ne, sai ya ce, "Da zafinta kuwa."

Dantong ya kurɓa. Murmushin ya tsaya a fuskarsa bai san inda zai kai shi ba. Ya sake kurɓa, ko bakinsa ne ya yi kuskure.

Ngo ta ɗauki nata ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska. Ta ce, "Wannan ai ruwan wankin kasko ne. Ashe shekara ashirin da biyu Madam haƙuri take yi da ni."

Mista Badung ya yi dariya har da buga gwiwa. Dantong bai yi ba. Ya ce a hankali, "Mama, me ya faru?"

"Abin da ka ce shi na yi. Ka ce uku, na dafa uku, a butar goma sha biyu. Haka matarka take yi maka wata biyar, ko ba haka ba?"

Ta koma ta yaye tawul ɗin kwando, ta fito da 'yar butarta, wadda gindinta ya yi baƙi don shekaru. Ba ta ɗora ta da kanta ba. Miƙa wa Immaculata ta yi.

Ta ce, "Hannuna ya tsufa, 'yata, gwada mana da wannan. Ruwa har ƙasan ƙusa. Gari har baki, kada ki danna. Wuta kaɗan."

Daga nan ta dawo ta zauna kusa da ni a kan tabarma, ta juya wa kicin baya. Yarinyar ta yi yadda aka ce. Ba a jima ba ƙamshin da nake ji ta kan katanga ya cika gidan. Butar ta fara gurnani, na ga yatsan Ngo ya motsa a kan gwiwarta, amma ba ta waiwaya ba. Immaculata ta sauke da kanta, daidai lokacin.

Mista Badung ya kurɓa, ya lumshe ido, ya daɗe bai buɗe ba. Ya ce rabonsa da irin wannan tun yana ɗalibi. Ya dubi Dantong ya ce, "Kai, ashe kana da irin wannan a gida kake ba mu wahala? Madam, sannu da aiki."

Sai a lokacin Ngo ta yi wa ɗanta magana, kuma ba ta ɗaga murya ba. Ta ce tukunyar tuwo tana da haƙuri, ko na mutum biyu ka tuƙa a ta mutum goma za a ci. Wannan ba ta da shi. Yadda aka ƙera ta haka take aiki, a cike, ko kuwa ta ɓata. Saboda haka ba a sayenta don baƙon da zai zo wata rana, ana sayenta ne don waɗanda ke zama tare kullum da safe.

Ta ce, "Ku nawa ne a gidan nan da safe?"

"Mu biyu, Mama."

"Biyu ne? Na ji an ce a tsaye kake sha, kana duba agogo, kana faɗa."

Finjali na uku na nan a faranti, babu wanda ya taɓa shi. Dantong ya ɗauka zai miƙa wa uwarsa, ta kawar da kai ta ce ita ta sha nata ɗazu, ya ishe ta har mako. Ya tsaya da finjalin a hannu, babban mutum da taye a wuya. Sannan ya taka har ƙofar kicin, a gaban ogansa, ya miƙa wa matarsa da hannu biyu.

Ya ce, "Imma, karɓi. Zo ki zauna. Ni ne na sayi abin da ban sani ba, na ɗora miki."

Ta daɗe tana kallon finjalin kafin ta karɓa. Ba ta ce ta yafe ba, ni dai ban ji ba. Amma ta zo ta zauna a kujera. Da muka tashi tafiya na saci kallon ƙofar ɗakin, akwatin na nan, sai dai an kwance igiyar an rataye ta a ƙusa.

Ngo ta bar musu 'yar butarta. Babbar ta saka a kwando, ta ce ta gaji da ganinta tana yi wa mutane kallon raini daga kan kabad.

Muka shiga tasi. Sai da muka kusa gida na ce, "Ngo, kin san za ta ɓaci."

Ta ce, "Tun makona na farko a gidan Madam na sani. Har kuka na yi a kansa."

"To me ya hana ki faɗa da baki?"

"In na faɗa da baki zai ce ina kare ta ne. In kuma na cika butar na dafa mai daɗi, gobe yarinyar nan a Shendam za ta kwana. Sai ya ɗanɗana ɓacin daga hannuna sannan zai yarda ba hannu ba ne."

Na yi karatun allo gwargwado, na ji wa'azi da yawa a kan ƙanƙan da kai, amma ranar na gan shi da idona. Abu ɗaya matar nan take da shi a duniya da ake yabonta a kansa, shi ta ɗauka ta ajiye a ƙasa a gaban baƙo. Labarin kuma bai tsaya a falon ba. Ya zaga ofis, ya zago Tudun Wada, sai dai rabinsa ne ya iso, rabin da ke cewa Ngo Ana ta tsufa, hannunta ya mutu. Masu zuwa neman shawara suka ragu. Ko sau ɗaya ban ji ta gyara maganar ba. Immaculata kuwa tana nan a ɗakinta.

Abin da ban yi tunaninsa ba sai da asuba ta yi. Na idar da salla na zauna, ƙamshi bai tsallako ba. Washegari ma haka. Mako biyar ina jin tsintsiyarta, ba na jin an jingine ta. Ita kaɗai ce a gida, butar da ta rage mata ta mutum goma sha biyu ce, kuma ba za ta dafa rabi ba, ba za ta zubar da saura ba. Na ce ta sayi ƙarama mana. Ta ce ai tana da buta.

Wata Laraba da hantsi ina shanya, sai na ga kanta ya leƙo ta kan katanga, daidai inda take ajiye mini ruwan ɗumi.

Ta ce, "Hasiya, wata alfarma nake nema. Na san ba kya son abin nan, na ga yadda kike yi da fuska. Ki zuba sukari yadda kike so, ba zan duba ba. Gobe in kin idar da walaha ki zo, ki tattaro mini matan layin nan, naku da namu, kowa da kofinta. Baki goma sha ɗaya nake nema, ni ce ta sha biyu. Ki taimake ni in cika butar nan."